Sarauniyar Lugu: Yadda Labarin Ƙauye Guda Ya Game Ƙasa



Yau in ka tsai da ɗan lakwal a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ka ce ya faɗa maka sunan macen da ta yi wa Nasara tsaye, ba zai yi dogon tunani ba. Zai ce maka Sarauniya Mangu. Akwai gidan rediyo mai suna Sarauniya. A shekara ta 2024 hukumar ƙasarmu ta fito da wata lambar girma, ita ma aka sa mata sunanta. Amma a shekarun farko na mulkin kai, da ka yi wannan tambaya nesa da ƙasar Arewa, da wuya ka samu mai ba ka amsa. Yaƙin Lugu kuwa tun 1899 aka yi shi.

To, mi ya faru tsakani? Mutum guda ne ya zauna ya rubuta littafi, wani kuma ya ɗauki littafin ya mai da shi sinima. Tarihin da za mu bi ke nan: abin da ya auku a Lugu, da yadda aka riƙa ba da labarinsa, da abin da labarin ya zama daga baya.

Lugu kafin zuwan Nasara

Lugu ƙauye ne cikin ƙasar Arewa, arewa maso gabas da Dogon Dutsi, cikin jihar Doso. Mutanensa Azna ne, masu bin addinin kakanni. Shugabancin garin a hannun mace yake, ana ce mata Sarauniya. Wannan suna na sarauta ne, mata da yawa sun riƙe shi, wata bayan wata. Tsofaffin wurin suna cewa ta farko daga Daura ta taso, ita da jama'arta, da wani dutse da ake kira Tunguma, wanda ake zuwa wurinsa neman gaskiya in shari'a ta gagara. In Sarauniya ta rasu, ana ɗaukar gawarta a ka, wadda gawar ta nufa ita ce magajiya. Wannan al'ada ita ake kira tarkama.

Aikin Sarauniya na roƙo ne da tsafi. Ita ke neman ruwan sama da albarkar gona da lafiyar gari. Zaman ɗaki take yi, tana kaɗin auduga, masu bukata suna zuwa suna iske ta. Wadda ke bisa sarautar a 1899 ita ce ake kira Mangu.

Ayarin Vule da Shanwan

A ƙarshen ƙarni na 19, Faransa da Ingila suna ta rabon ƙasashenmu bisa takarda. Ran 14 ga Yuni 1898 suka sa hannu ga wata yarjejeniya a Paris. Aka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne, abin da ke arewa na Faransa. Masu zanen ba su san inda rijiyoyi suke ba.

Faransa tana son kai wa tafkin Cadi. Sai ta tashi ayarin soji, ta ɗora kaftin biyu bisa kansa: Pol Vule da Juliyan Shanwan, waɗanda Faransawa ke rubutawa Voulet da Chanoine. Su biyun nan ne suka ci ƙasar Mosi, suka shiga Wagadugu da wuta a 1896. Ku riƙe sunan garin nan, za mu koma gare shi.

Turawan ayarin ba su kai goma ba. Sauran duka baƙar fata ne: sojin haya, da masu doki, da tafintoci, da ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata da aka kwaso bisa hanya. Jama'ar ta fi mutum dubu, ga dabbobi. Ba su zo da guzurin da zai ishe su ba, abin da suka iske shi suke ci. A watan Janairu 1899, a Sansanin Hausa da ke bakin kogin Kwara, suka kashe wajen mutum ɗari, har da mata da yara. Daga nan suka nufo gabas. Garin da ya hana hatsi a ƙone shi. Jagoran da ya ɓata hanya a rataye shi. Ɗan dakon da ya kasa a bar gawarsa bisa hanya. Ƙishirwa ta sa suka riƙa ratsawa cikin rabon Ingila, inda ruwa yake.

Ranar Lugu

Labarin ayarin ya riga shi isa Arewa. Wasu garuruwa suka watse, wasu sarakuna suka ga ba su iyawa, suka ba da abin da aka nema. Lugu ta ƙi.

Ran 16 ga Afirilu 1899 aka gamu. Mutanen Sarauniya suna da baka da kibiya mai dafi, da masu. Ayarin yana da bindigogi masu saurin ɗuri. Bisa lissafin Faransawa da kansu, sun harba harsashi wajen 7000 a wannan rana, an kashe musu mutum 4, an ji wa 6 ciwo. Da wuta ta yi yawa, mayaƙan Lugu suka ja da baya, suka shige kurmi mai ƙaya inda doki ba ya shiga. Aka ƙone garin. Sarauniya kuwa ba a kama ta ba.

Iyakar abin da takardun sojin suka riƙe ke nan. Layi kaɗan ne cikin dogon rahoto, kuma a ciki tsohuwar mayya suka kira ta. Ayarin ya wuce. Ran 8 ga Mayu ya faɗa wa Birnin Ƙonni, aka yi kisan da ya fi na ko'ina muni, aka cika ramu da gawa.

Ƙarshen kaftin biyu

Tun kafin Lugu, Vule ya kori wani hafsansa mai suna Peto. Shi kuwa ya rubuta wa budurwarsa a Faransa wasiƙa, ya zayyana abin da idonsa ya gani. Wasiƙar ta kai hannun hukuma. Aka umurci Kanal Kulob ya bi sawun ayarin, ya karɓe shugabanci. Bai sha wuyar gane hanya ba, toka da gawawwaki suka nuna masa.

Ran 14 ga Yuli 1899 ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa. Vule ya sa aka buɗe masa wuta, Kulob ya faɗi matacce. Sannan Vule ya tara mutanensa ya ce shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daularsa ta kansa. Sojin suka ga abin ya wuce iyaka, suka juya musu. Ran 16 suka harbe Shanwan, ran 17 suka harbe Vule. Kaburburansu suna Maijirgi. Sauran hafsoshin suka ci gaba, suka ci Damagaram a ƙarshen Yuli bayan yaƙin Tirmini, suka kai Cadi.

Ku lissafa da kanku. Daga ranar Lugu zuwa mutuwar Vule wata uku ne da kwana ɗaya.

Abu ɗaya, labari biyu

Daga nan ne aikin masu ba da labari ya soma. A Faransa abin ya zama abin kunya. Aka buɗe bincike, aka rufe shi a 1902. Labarin da aka bari ya bazu shi ne wai zafin ranar ƙasar Sudan ne ya taɓa wa kaftin biyun hankali. Kun ga amfanin wannan labari ga mai shi. In hauka ne, laifin ya tsaya bisa mutum biyu da suka riga suka mutu. Wanda ya aiko su ya fita, ƙasar da suka ci kuma ta zauna a hannunsa.

A Arewa wani labarin ake bayarwa. Cewa ake yi bakin Sarauniya ne ya bi su. Sun taɓa abin da ba a taɓawa, shi ya sa suka haukace, suka ci junansu kafin damina ta fita. Wannan labari ma yana da amfani ga masu shi. An ƙone musu gari, amma cikin labarin su ne da nasara.

Na farko ya shiga littattafai, ya ƙetare teku. Na biyu ya zauna a bakin tsofaffi, cikin ƴan garuruwa. Shekara tamanin haka abin yake. Ko a 1976, da wani marubucin Faransa, Jak-Faransis Rolan, ya yi littafin ƙagaggen labari bisa wannan ayari, kaftin ɗin ne ya sa a tsakiya, har sunan littafin ma nasa ne.

Mutumin da ya juya labarin

Abdulaye Mamani an haife shi a 1932 a Gudumariya, can gabas. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar ma'aikata da siyasa, ya bi Jibo Bakari cikin jam'iyyar Sawaba, har ya zama dipite. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce a jefa "a'a" ga zama ƙarƙashin Faransa. "I" ta ci. A 1959 aka haramta jam'iyyar. Mamani ya bar ƙasa, ya yi shekaru yana gudun hijira, har Aljeriya. Bayan juyin mulkin 1974 ya komo gida, amma bai daɗe ba aka kai shi gidan kaso, zamanin Seyni Kunce.

Kun ga ko wane irin mutum ne. Ya taɓa cewa a'a, an kayar da shi, ya ɗanɗani abin da ke biyo baya. Ba abin mamaki ba ne idonsa ya tsaya bisa wani ƙauye da ya ce a'a shekara sittin kafin shi. A 1980 littafinsa mai suna Sarraounia ya fito a Paris, cikin Faransanci.

Tarihinmu bai rasa mazan da suka yi tsaye ba. Akwai Amadu Kuran Daga a Damagaram, da Firhun, da Kawsan a Ayar. Mamani ya bar su, ya ɗauki mace, ba'azna, mai ƙaramin gari, wadda ba ta da birni ko dawaki dubu. Wadda aka ba layi kaɗan ya ba ta littafi sukutum. Kaftin ɗin da aka saba gani a tsakiya ya koma baƙon da ya zo ya yi ɓarna ya mutu.

Abin da ya iske da abin da ya ƙara

Kwanakin wata, da hanyar ayarin, da sunayen hafsoshi, da mutuwar Kulob, duka Mamani ya iske su cikin tarihi. Amma tarihi bai faɗi yadda Mangu ta girma ba, ko kamanninta, ko abin da ta ce wa mayaƙanta daren yaƙi. Nan ne ya sa tunaninsa ya cike giɓi.

Ya mai da ita marainiyar uwa, wadda wani dattijo masanin itatuwa da asirai, mai suna Dawa, ya rena, ya koya mata magani da harbi. Ya ba ta masoyi jarumi mai suna Baka. Ya ba ta maroƙi mai yi mata kirari. Ya mai da ita mace mai ƙuruciya da kyau, mai shiga gaban mayaƙa da kanta. Ya sa mata magana a baki, irin wadda ke tada tsikar jiki, bisa ƴanci da mutunci.

Wani zai ce ai wannan ƙarya ce. A yi hankali da kalmar. Mai ƙarya so yake ka ɗauki abin da bai faru ba a matsayin ya faru. Mai ƙagaggen labari tun daga bangon littafi ya gaya maka irin aikin da yake yi. Mu ma mun san wannan tun muna yara. In tsohuwa ta ce gatanan gatananku, ba wanda ke tsammanin gizo ya taɓa yin magana da sarki. Amma wayo da haɗama da ke cikin tatsuniyar, washegari za ka gamu da su a kasuwa. Haka Mamani ya yi. Lissafin harsashi 7000 ba ya sa kowa kuka. Amma in aka ba ka mutum mai suna da fuska, ka bi ta tun tana jaririya, ranar da wuta ta kama garinta kai ma cikinka zai ɗuri ruwa.

Gani ya kori ji

Littafin Faransanci mutum nawa ne cikinmu za su iya karanta shi a 1980? Kaɗan ne ƙwarai. Sinima ce ta faɗaɗa hanya.

Med Hondo ɗan Muritaniya ne mazaunin Faransa, abokin Mamani. Sana'arsa shirya sinima, kuma yana samun abin masarufi da aron murya: shi ne muryar ɗan wasan Amurka Edi Mafi cikin Faransanci. Ya sha wuyar neman kuɗin wannan aiki shekara da shekaru. An yi niyyar ɗaukar sinimar a Nijar, abin bai yiwu ba. Sai Burkina Faso ta zamanin Toma Sankara ta karɓe shi, ta sa hannu. Aka ɗauki wata ƴar ƙasar, Ayi Keita, ta fito a matsayin Sarauniya.

Sinimar ta fito a 1986. A gidajen sinimar Paris ba ta daɗe ba aka sauke ta. Amma a 1987, a bikin sinimar Afirka na FESPAKO, ita ta ci babbar kyauta, wato Dokin Yennenga. Kyautar nan ɗan ƙasarmu Umaru Ganda ne ya fara cin ta a 1972. A wane gari ake bikin? A Wagadugu. Garin da Vule ya shiga da wuta a 1896, nan jama'a suka taru bayan shekara 91, suna kallon faɗuwarsa bisa farin ƙyalle, suna tafi.

Hondo ya ƙare sinimar da Sarauniya tana buɗe garinta ga kowa, kowane yare, kowane addini, a zauna tare. Wannan ma ba ya cikin rahoton soji. Buri ne na masu shirin, suka ɗora shi a bakin wata ta dā, don mutanen zamaninsu su ji.

Daga nan suna ya tashi. Ya shiga lakwal, ya shiga waƙa da wasan kwaikwayo, ya hau bangon shaguna. Abdulaye Mamani ya ga farkon wannan. Ya rasu a 1993 cikin haɗarin mota, yana kan hanyar Yamai don karɓar kyautar adabi mai sunan Bubu Hama. Med Hondo ya rasu a Paris a 2019. A 2020 aka sake fito da wata sinima a Ingila, ta shaidar gaskiya, wadda ta bi sawun ayarin gari gari, tana jin bakin jikokin waɗanda abin ya shafa.

Riba da abin lura

Ribar a fili take. Ba don littafin da sinimar ba, da labarin haukan rana ne zai zauna shi kaɗai cikin takardu. Yanzu ɗiyanmu mata sun san an taɓa yin wata da maza masu bindiga suka nemi ta durƙusa ta ƙi. Wannan ba ƙaramar dukiya ba ce.

Amma labari mai ƙarfi inuwa gare shi, yana rufe na kusa da shi. Ga abu uku da ya kamata mu lura da su.

Na ɗaya, Sarauniyar da yawancinmu muka sani ta Mamani da Hondo ce, mai baka da kwari. Ta mutanen Lugu dabam take: mai zaman ɗaki ce, ƙarfinta cikin roƙo da asiri yake, mazan gari ne suka riƙe baka. Wanda ya tafi Lugu yana neman ta sinima zai iske bukkoki da tsofaffi, ya ce ba nan ba ne. Alhali nan ne.

Na biyu, harshe. Mangu Hausa take yi. Littafinta da Faransanci aka rubuta shi. Cikin sinimar kuma mafi yawan maganar Julanci ne da Fulatanci da Faransanci. Labarin ya zagaya duniya da bakin wasu.

Na uku, Lugu ta samu marubuci, sauran garuruwan fa? Mutanen da aka kashe a Ƙonni sun fi na Lugu yawa nesa ba kusa ba. Tsakanin kogi da Tasawa akwai ƙauyuka da dama da aka ƙone, kowane da abin da ya gani. Akwai ƴan dakon da suka mutu da igiya a wuya. Akwai matan da aka kwasa, wasu ba su sake ganin gida ba. Su ma mutane ne masu suna, sai dai ba wanda ya zauna ya ba su fuska.

Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun kau. Ɗiyansu ma sun kau. Jikoki ne suka rage, su ma tsufa ya kama su. Kowace shekara ana rufe wani da abin da kakarsa ta gaya masa.

Saboda haka, ɗan'uwa, ƴar'uwa, in garinku yana bisa wannan hanya, kuma hannunka ya iya riƙe alƙalami, je ka zauna gaban tsoho. Tambaye shi mi aka ce ya faru shekarar da Nasara suka wuce. Rubuta sunan garin, da sunan rijiyar, da wanda ya gaya masa. Rubuta yadda ya faɗa, da Hausarsa, kada ka gyara masa don ya yi kama da sinima. In kuma daga baya kana son ka ƙaga naka labari bisa wannan, ƙofa a buɗe take, Mamani ya nuna hanya. Sai dai ka ware biyun, ka ce wannan abin da aka gaya mini ne, wannan kuma nawa ne. Mai karatu zai gode maka bisa duka biyun.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Allah shi jiƙan waɗanda suka riga mu, shi ba mu ikon riƙe abin da suka bari.